Ba Akuya Ce Ta Shayar Da Minista Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. Ni tsoho ne daga Dakoro, ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, da yatsa ɗaya nake danna wannan a telefon, ku yi haƙuri da tsawonsa. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a.

Zamanin Faransa, ina yaro, kumanda ya sa a share wani fili arewa da gari don jirginsa ya riƙa sauka. Maza na saran ƙaya, mata na ɗaukar ruwa da daka, kowane gida sai ya ba da mutum, kuma can ake kwana. Maƙwabciyarmu Tamo mijinta ya tafi ayari, daga ita sai jinjiri, gardin kumanda kuwa ya ce ba ya son mace da goyo. Ta kawo mana jinjirin da akuya mai nono, ta tafi tana waige. Yaron ya ƙi nonon akuya, in an ɗura masa sai gudawa, har idonsa ya faɗa. Lokacin Innarmu tana goyon ƙanwata Rabi, amma Baba ya hana, ya ce nono hali yake ɗauka, ba za a haɗa 'ya'yansa da ɗan bare ba. Sai Inna ta riƙa zagayawa bayan rumbu da yaron, ni da yayata Hassu muna tsaron hanya. Haka aka yi har rani ya ƙare. Da Tamo ta dawo ta ga ɗanta ɓul-ɓul, aka ce mata aikin akuya ne. Gari duk ya ɗauka, har ake kiransa Ɗan Akuya.

Yaron nan, bari in kira shi Hamidu, Allah Ya ba shi kai. Daga lakwal ɗin Dakoro sai Maraɗi, sai Yamai, sai ƙetare. Ya fara da sayar da biye, wato tikiti, a kamfanin jiragen sama, ya riƙe ofis, ya zama direkta, daga baya wata gwamnati ta naɗa shi ministan sufuri. Yana minista ya taɓa sauka da ƙaramin jirgi a wannan filin, ya ce wa jama'a shi da filin tagwaye ne, kuma akuya ce uwarsa ta biyu. Aka yi ta tafi. Ina zaune a layin gaba, matsayin suruki.

Eh, suruki. Tun yana shugaban ofis ya zo neman autarmu Zuwaira, wadda aka haifa yana lakwal. Baba da Inna da Tamo duk sun rasu, Rabi ma tun tana ƙarama ƙyanda ta ɗauke ta, ni ne waliyyi. Hassu ta taso daga gidan mijinta a ƙauyen Rumbu, ta tuna mini abin da Inna ta ce a ciwon ajalinta, cewa Hamidu ɗanta ne, mu riƙe shi ɗan'uwa. Na ce mata ai wadda suka sha nono tare ita ce haram gare shi, Rabi ke nan, kuma tana kabari, Zuwaira nononta daban. Haka mutanenmu da yawa suka ɗauka a lokacin. Ta ce to in tambayi Liman. Na ce na tambaya. Ban tambaya ba. Tsoro nake ya ce a'a, ga Hamidu ya riga ya ce zai sa ni a jirgin Makka, ga Zuwaira tana sonsa kamar ranta. Hassu ta dube ni ta ce ita mace ce, ta sauke nauyi, ni in ɗauka.

Sai bayan sun haifi na huɗu na ji wani malami a rediyo yana cewa duk 'ya'yan matar da ta shayar da kai 'yan'uwanka ne, na gaba da na baya, ko ba ku haɗu a ƙirji ba. Na kashe rediyon. Na ce a raina zan faɗa, amma sai Hamidu ya sauka daga minista, kada maƙiyansa su samu abin yi. Ya sauka, na ce sai an aurar da yara.

Yanzu ya yi ritaya, shanyewar jiki ta kama shi, ya ce a dawo da shi gida. Ɓangare ɗaya ba ya motsi, magana sai da ƙyar. Zuwaira ce ke masa wanka, ita ke juya shi, in wani ya miƙo cokali sai ya datse haƙora. Hassu kuma tsufa ya ruɗa ta, jiya ta ɓace mata, zamanin kumanda ne kawai a kanta. Satin da ya wuce aka kai ta dubiya, ɗaki cike da mutane. Ta shafa kansa ta ce, "Ɗan Akuya wai! Akuya mai ɗaurin zane? Sha maza, ɗan Inna, ga Baba nan tahe." Mata suka fashe da dariya, wata ta ce yau tsohuwa da sabon labari ta zo. Zuwaira ma ta yi murmushi tana goge masa baki. Shi Hamidu bai yi ba. Idon nan nasa mai lafiya ya juyo kaina, ya tsaya, har na tashi na fita. Sai na tuna yadda yakan ce bai san dalilin da Innarmu ta fi kowa sonsa ba.

Autansu Muktar, wanda ya yi karatun addini, ya biyo ni har bakin mota. Ya ce, "Kawu, Tanti Hassu ba ta ƙirƙira, tunowa take. Wace Inna take nufi?" Na ce rana ta yi zafi, mu bari. Ya ce zai zo gidana bayan masallaci ranar Juma'a. Yana rufe mini ƙofa ya ƙara da cewa, "Ba zan sa ka rantse ba, Kawu, duk danginmu an san ba ka ƙarya."

Jama'a, in na faɗa, an raba su ke nan, an ɗaga hannun Zuwaira daga jikin mutumin da ba ya cin abincin kowa sai nata, kuma 'ya'yansu da jikoki su shiga bakin Dakoro. In na ce Hassu ta ruɗe, za a yarda da ni, amma kullum ƙanwata za ta ci gaba da kwana a ɗakin yayanta, ni kuma ƙafata ɗaya tana kabari. Shin Zuwaira zan fara samu, ko malami, ko Hamidu da idonsa bai bar ni ba har yau? Malaman da ke cikin zauren nan, da ku masu iyaye tsofaffi, in Muktar ya yi sallama a ƙofata, me zan ce masa?