Jan Fenti a Lambun Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya ƙalau, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka, ya raya mana yaran. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna da sauƙi, numfashin ne dai yakan taso mata idan rana ta take, amma bakinta garau yake, jiya ma sai da ta wanke ni tas don na bar mata tsintsiya a ƙofar ɗaki. Auta ta gama jarrabawa, maigidana kuma yana nan yana fama da kekunan mutane a shagonsa.

Yaya, ka daɗe a garin sanyi, ina jin ka manta irin zafinmu, to bari in tuna maka. Bana tun ƙarfe goma na safe ɗaki yake ƙin zaunuwa, fanka ma iskar zafi take hurowa. A ɗakin shan maganin da nake aiki, cikin mako guda tsofaffi huɗu aka kawo mana sun yanke jiki sun faɗi. Wallahi abin da ya riƙe mutane a garin nan lambun Baba ne na bakin rafi. Da la'asar ka ga yara na buga ƙwallo a filin tsakiya, samari na iyo, tela ma yakan ciccibo kekensa ya yi ɗinki a inuwa. Sabon malamin makaranta da bakinsa ya ce mini har ya rubuta takardar neman canjin wuri, ranar da ya gano lambun ya yaga ta. Inna kuwa kullum bayan azahar Auta ke ɗaukar mata kujera zuwa gindin babban madacin nan, don nan kaɗai take samun numfashi ba tare da na ba ta magani ba.

To, abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Mako uku da suka wuce ɗan Kawu, wannan da ake kira Injiniya alhali ko rediyo bai taɓa gyarawa ba, ya zo da wani baƙo a farar mota. Wai mai kamfani ne, zai mayar da lambun wurin shaƙatawa na zamani, garinmu ya ci gaba. Suka nuna mini hoto a waya, ga ciyawa shar, ga bencina, ga wurin wanka mai shuɗin ruwa. Na ce masha Allah. Sai da na dawo gida ina wanke-wanke abin ya faɗo mini: hoton nan cike yake da laimomin kare rana manya-manya, amma ko bishiya ɗaya babu. Ka san ni da rashin haƙuri, washegari na bi su lambun da sunan na zo tsinkar lemun tsami. Kusan awa guda ina kallon mutumin nan, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi ganye ba. Gindin bishiya kawai yake zagayawa da igiyar awo, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai neman inuwa yana ƙwanƙwasa bishiya ba.

Bayan kwana biyu muka tarar an shafa wa manyan bishiyoyin jan fenti, guda goma sha ɗaya, ƙananan kuwa ba a taɓa su ba. Na tambayi Injiniya, ya ce ja alama ce ta waɗanda za a bari, in kwantar da hankalina. Hankalin bai kwanta ba. Na biya ta wurin kafinta, na tambaye shi a kaikaice ko me ake nufi da jan fenti a jikin bishiya. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana ta goge katakon da ba ya buƙatar guga, ya ce shi dai ba ya shiga maganar dangi. Mai shayin bakin tasha kuma ya ce baƙon ya tambaye shi ko babbar mota za ta iya bin hanyar rafi kafin damina. Babbar mota ta ɗaukar me?

Sai na yi wa Injiniya dabara. Na same shi a ƙofar gidan Kawu, na ce tunda ja na nufin a bari, zan sayo gwangwani ɗaya in shafa wa sauran ƙananan ma, kowa ya huta. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi, ya ce kada in kuskura, zan rikita masu zarto. Na ce wane zarto? Ya hau borin kunya, wai ni mace ce mai neman fitina, ba na son ci gaba. Da ya ga ban matsa ba sai ya ce: “Ke kina wahalar da kanki ne kawai, ai mai lambun ya riga ya amince.”

Yaya, mai lambun kai ne. Sunanka ne a takarda tun rasuwar Baba, mu muka yarda da haka don kai ne babba. Na kira ka sau uku a makon nan, kana cewa kana wurin aiki za ka kira, ba ka kira ba. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ina so in yarda ƙarya Injiniya ya shara mini kamar yadda ya saba. Wataƙila kuma hoton nan ya turo maka, ka ga ciyawa da ruwa, ka ɗauka alheri kake yi mana. In ba ka sa hannu ba, don girman Allah kada ka sa. In kuwa ka sa, faɗa mini gaskiya, zan yi faɗana in huce, amma Inna kai za ka gaya mata da bakinka, ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba.

Ka gaishe mini da matarka, da su Babangida da ’yar lelena mai kukan banza. Auta da maigidana suna gaishe ka, Gwaggo ma haka. Inna ta ce in gaya maka ka turo yaran hutun bana su koyi iyo, har ta zaɓa musu reshen da za a ɗaura lilo, ta sa Auta ta sayo igiya. Na je na duba bishiyar, tana cikin goma sha ɗayan.

Taka ƙanwa mai zuba ido ga amsarka,
wadda kake kira Uwar Magana