Ƙanina Yana Son In Saka Masa Lamba a Guruf Ɗinmu a Ɓoye

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni tela ce, kuma ɗana na biyu yana da sikila. Da na gaji da kuka ni kaɗai a kan bencin asibiti, sai na buɗe guruf a waya na uwayen yara masu wannan ciwo. Yawancinmu ba ma rubutu, murya muke turawa. A nan mace ke faɗin cewa mijinta ya daina leƙo asibiti, ko surukarta ta ce ita ta kwaso musu ciwo. Ranar da magani ya yanke kuwa, masu mulki ba sa kwana lafiya a bakinmu, har da nawa bakin.

Ƙanina malamin jami'a ne, ni na goya shi. Gwamnati ta ba su aikin bincike kan yadda ƙorafi ke yaɗuwa a waya, da irin mutanen da ke fara shi. Ya zo shagona ya zauna yana ta yabon ɗinkina, mutumin da bai san bambancin zare da igiya ba, na ce lallai da magana. Wai in saka wata lamba a guruf ɗin, ba za ta ce uffan ba, na'ura ce za ta riƙa sauraro. Za a cire sunaye, amma kada in gaya wa kowa, don kada mata su fara tauna maganarsu. Wataƙila ma binciken ya sa a kawo magani, in ji shi. Mama kuma ta hana ni sakat, wai ina yi wa ɗan'uwana baƙin ciki. Wallahi ina son ci gabansa, amma matan nan sun yarda da ni. Akwai wadda mijinta ma'aikacin gwamnati ne, kuma ita ta fi kowa zafin baki.

Yayar Mai Bincike

Ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya.

Ban ɗauki ƙaninki mugu ba. Bincike abu ne mai amfani, kuma ya kamata hukuma ta ji kukanku. Sai dai yana yi miki alkawarin abin da ba ya hannunsa. Shi zai tattara muryoyin, amma ba shi zai ajiye su ba, bai kuma san wanda zai buɗe su baɗi ba. A cire suna, to muryar fa? Matar da ta faɗi aikin mijinta da ranar da aka kwantar da 'yarta ai ta gama bayyana kanta.

Sirrin nan ba naki ba ne balle ki yi kyauta da shi. Kada ki saka lambar. Ki ce masa ya yi bayani da muryarsa, ki tura wa matan: wa ya ba da aikin, wa zai saurara, yaushe za a goge. Wadda ta amince ta neme shi da kanta, wadda ta ƙi a bar ta. Ita kuwa Mama, ki lallaba ta, ki tambaye ta ko za ta so a naɗi hirarta da ƙawayenta ba ta sani ba.

Idan ya dage cewa sanar da su zai ɓata aikin, ki ce masa a'a, ki ci gaba da ɗinkinki. Fushinsa zai huce, ɗan'uwanki ne. Matan nan kuwa, in suka gano, ba za su zage ki ba. Shiru za su yi, kowacce ta koma bencin asibiti ita kaɗai.

Allah ya daidaita tsakaninku.