Tukunyar Gas ɗin Inna Ta Koma Lambu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan? Mu nan Toranke lafiya lau.

Kin tuna tukunyar gas ɗin da kika aiko wa Inna, ta ƙi girki da ita don tsoro? Da fetur ya gagare mu, tumatir ya fara bushewa, na kai wa makaniki a Gaya injin ban-ruwan Baba, ya mayar da shi mai aiki da gas. Ya fi araha sosai.

Jiya Inna ta biyo ni lambu, karon farko tun rasuwar Baba. Da injin ya tashi, ta daɗe tsaye, sannan ta ce, "Ƙararsa tana nan yadda Malam ya bar ta."

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani