Saniyar Sunanka Ce Kaɗai Ta Rage

Zuwa ga ƙanena Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Jannatu da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Ɗanzomo da sauƙi, sai dai Kawu Barau ƙafa ta matsa masa, sallah ma a zaune yake yi.

Kai malamin Turanci, ka tuna zuwanka na ƙarshe da kake mana surutu a tsakar gida? Ka ce Turawa suna da wata kalma ta abin da ke raguwa kaɗan-kaɗan, ba a ganin ranar da ya tafi, sai dai a waiga a tarar saura ƙiris. Ka ce ana faɗinta ga ruwan tafki, ga hatsin rumbu, har ga ƙarfin mutum. Na yi maka dariya, na ce boko ya cika neman magana. Kalmar ta ɓace mini, amma wallahi ita ce ta sami garkenmu. Ba ɓarawo, ba annoba. Gonaki sun cinye burtali, dusa ta yi tsada, yau a sayar da maraƙi a ciyar da uwarsa, gobe a sayar da uwar. Da yamma Kawu yakan zauna bakin garke yana kiran shanun da babu su, ni kuwa sai in shige ɗaki don kada ya ga hawayena.

Yanzu jar saniyar nan ce kaɗai ta rage, jikar wadda Baffa ya ba ka ran sunanka. Ta rame har haƙarƙarinta sun fito. Sajo dillali ya ce in an kai ta kasuwar Maigatari wannan Alhamis za a samu mai saye, in ta wuce sai wuƙa. Kawu ya ƙi. Ya ce amana ce, ba zai sa mata igiya ba sai da bakinka, kuma kunya ta hana shi kiranka. Shi ya sa na rubuto a ɓoye.

Mairo da Sabuwa suna gaishe ka, ka shafa mini kan Zayyad. Don Allah ka kira Kawu ka ce ka yafe a sayar da saniyar, kada ka ce sai ka yi shawara. Yau da safe ta kasa tashi, sai da maƙwabta suka taru aka ɗaga ta.

Yayarka,
Tayyiba