Ba a Karɓar Girgiza Kai

Litinin, 2 ga Disamba

Disamba ta kama, ban rubuta ko waƙa ɗaya a jerin bana ba. Na buɗe littafin a kan teburina na laburare, na jera lamba ɗaya zuwa goma, na zauna ina kallonsu kamar ɗalibin da ya shiga jarrabawa da biro kaɗai.

Shekara ashirin da biyu muna yi, ni da Lauya. Asabar ɗin ƙarshe ta shekara, a falonsa, kowa da takardarsa: waƙoƙi goma da suka fi burge shi, a karanto daga ta goma zuwa ta ɗaya. Wanda ya tilasta wa ɗan'uwansa soke waƙa da hannunsa, shi ya ci. Ya ci sha uku, na ci takwas. Shekara ɗaya kuma muka tashi baram-baram, ba mu gaisa ba sai a Maris. Ga ni ina rubuta dokokin kamar wani zai tambaye ni.

Lauya bai taɓa taka kotu ba, malamin labarin ƙasa ne. Gardama ta ba shi sunan tun muna aji biyu. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar ta bi hannun. Mutumin da ke musu da agogo a kan lokaci.

Sau uku kacal na je duba shi. Aiki ya yi yawa, in ji ni. A laburaren da ƙuda ma sai ya yi sallama.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na haɗu da matar Lauya a kantin magani. Ta rame. Ta ce likitar da ke koya masa magana ta tabbatar harshen zai iya, kalmomin suna nan, a karkace dai suke fitowa. A Oktoba ya nemi ruwa da bakinsa a gaban baƙi, kalmar ta fito a murɗe, wani ya ce, "Sannu, sannu, kar ka wahalar da kanka." Tun ranar ya kulle baki. Ko likitar ta zo sai ya rufe ido. Ita kuma ta ce in aka bari watannin nan suka wuce a haka, dawowar za ta yi wuya.

"Ko kai zai ji maganarka, Malam," in ji matar tasa. Na ce shekara arba'in bai ji ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na je. Na yi abin da na ɗauka kirki ne.

Na haɗa jeri na musamman, duk irin nasa: tsofaffin muryoyi, kiɗa mai natsuwa, baitocin da sai ka nemi ƙamus. Na zauna gefen gadonsa na karanta a hankali, da irin muryar da ake yi wa jarirai. Har na sa "Tagar Kudu" a ta ɗaya, waƙar da na tabbata zai zaɓa. Na ƙare da cewa bana ba sai mun wahala ba, na sallama, shi ya ci.

Ya dube ni. Ban taɓa ganin ido ya zagi mutum haka ba. Sai ya juya fuskarsa bango, da ƙyar, da hannu ɗaya, bai sake juyowa ba har shayina ya huce.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na ba Uwargida labari ina neman a tausaya mini. Ko ɗago kai daga ɗinkinta ba ta yi ba. "Ka je ka yi wa mutum ta'aziyyar kansa yana kwance yana jinka, me kake so ya ce? Na gode?"

Na karanta littattafai sun fi dubu. Ita ta karanta ni.

Talata, 10 ga Disamba

Allah mai yadda ya so. Na dawo daga aiki na tarar da Uwargida tana guga, rediyo na ta ihu, ita kuma tana kaɗa kai. Waƙar wani mawaƙi ce da aka ce ko a cikin ɗaki ba ya cire baƙin tabarau. Sunanta "Tayar Baya". Ya kamanta kansa da babur, masoyiyarsa kuma tayar baya, in babu ita ba ya motsi. Muryar an bi da ita ta cikin inji har ta koma kamar sauro a kwalba.

Duk abin da Lauya ya tsana a duniya, an tattara shi a minti uku da rabi.

Na tsaya a bakin ƙofa ina murmushi. Uwargida ta ce, "Lafiya?" Na ce na samu ta ɗaya.

Juma'a, 13 ga Disamba

Bincike. Na saurare ta sau goma sha ɗaya a wayata, da abin kunne, a bayan kantar littattafan falsafa inda ba mai zuwa. Amshin layi huɗu ne, kowanne ya ƙare da "taya". Bai ma nemi wata kalmar ba, bawan Allah. Na rubuta shafi guda na kariya, da manyan kalmomi, cewa maimaicin yana kwaikwayon juyawar tayar ne. Har na fara jin tsoron yadda hujjar ta zauna.

A faɗi gaskiya, akwai wani wuri kusa da ƙarshe da ganga ke tsayawa cak, sarewa ta shigo ita kaɗai. Ba komai ba ne. Na dai lura.

Litinin, 16 ga Disamba

Shugaban laburare ya ce ya ji wani yana fito a sashen falsafa. Na yi alkawarin zan bincika.

Laraba, 18 ga Disamba

Sauran taran na gaske ne, don Lauya yana jin warin ƙarya daga nesa. In duka shirme ne zai gane wasa nake, in ya gane kuma an koma bango.

Ta goma, "Kujera Biyu", don layi ɗaya tak a baiti na biyu. Ta tara da ta takwas na mawaƙiyar nan ne mai shaƙaƙƙiyar murya, wadda ke waƙa kamar tana ba ka labarin da bai kamata ka ji ba. Ta bakwai "Tsohon Agogo", wadda na san ya raina. Shida da biyar suna ta musanya wuri tun safe. "Bayan Ruwa Ya Ɗauke" ta huɗu, ko da yake mawaƙin ya ja ta kamar wa'azin mai son kansa. Ta uku ba zan kare ta ba, ina sonta kawai. "Tagar Kudu" ta biyu.

Ta biyu. A ƙarƙashin babur. Ni kaina da na rubuta sai da hannuna ya yi nauyi.

Asabar, 21 ga Disamba

Na kai sammaci. Ban zauna gefen gado ba, na tsaya a tsaye na ce, "Lauya, abin da na karanta maka ranar nan na janye, tausayi ne ya ruɗe ni. Zama yana nan ranar ashirin da takwas, ƙarfe huɗu, a falo ba a ɗaki ba. Dokoki suna nan yadda suke. Har ta uku."

Girarsa ta hagu ta ɗaga.

Doka ta uku ta ce ƙalubale sai da baki, da dalili, ba a karɓar girgiza kai. Shi ya kafa ta, shekarar da mura ta ɗauke mini murya gaba ɗaya. Na zauna ina nuni da hannu kamar mai ba motoci hanya, shi kuma yana ta karanta jerinsa yana cewa, "Shiru alamar yarda." Da haka ya samu nasararsa ta shida.

Matarsa ta raka ni ƙofa. "Malam, kar fa jininsa ya hau." Na ce ta tambayi likita. Da yamma ta kira: an yarda, amma in ya gaji a tsaya.

Alhamis, 26 ga Disamba

In ya ƙi magana fa? In ya yi ƙoƙari ta ƙi fitowa, a gabana, ni da na zo da dariya a aljihu? Wannan ba za a gyara ta a Maris ba.

Uwargida ta ce, "Ka dai tafi da kunyarka ka bar tausayin a gida."

Asabar, 28 ga Disamba

An kayar da ni. A rubuta da manyan baƙi.

Na tarar an zaunar da shi a kujerarsa ta kullum, an yi masa aski, ya sa farar riga. Matarsa ta raɗa mini shi ya nuna rigar da kansa. Ba shi da takarda. Na zauna na fara.

Goma, tara, takwas, ya bar su suka wuce. A "Tsohon Agogo" ya girgiza kai. Na ce, "Ban ji ba. Shiru alamar yarda." Hancinsa ya buɗe. Na wuce. Da na ce "Tagar Kudu" ta biyu, sai ya zuba mini ido, yana jiran jin wace ce ta fi ta.

Na ajiye waya a kan tebur na kunna.

Minti uku da rabi ban ɗago ba. Da sauron ya gama kuka na buɗe shafina na shiga karanta kariyar, da muryar taron ilimi. Na ce a shekara goma ba a yi waƙar da ta fahimci zuciyar ɗan Adam haka ba. Ya buga hannun kujera da hagunsa. Na ce ba a karɓar duka. Ya sake bugawa. Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah ya isa." Na cire murfin biro na ce to, tunda babu ƙalubale, bana tawa ce, tara ke nan.

Na sa biro a takarda.

Sai na ji wani sauti kamar ana jan tebur. Bakinsa ya karkace, jijiyar wuyansa ta tashi. Duk jikina yana cewa in taimake shi, in faɗi kalmar, in ce sannu. Na ciji harshe.

"Shir... me."

Matarsa ta toshe baki da mayafi.

Na ce, ba tare da na dube ta ba, "Kalma ɗaya zagi ce, ba dalili ba. Dokarka ce, mutumina."

Ya ɗauki kusan minti biyu. Na san haka don agogon bangonsu nake kallo, ba zan iya kallonsa ba. "Taya... da... taya." Ya huta, yana haki. "Malalaci."

Na ce ai sau uku ne kacal ya maimaita. Na san huɗu ne.

"Huɗu."

Wannan ta fito tas, kamar a da, har da rainin. Na ce sai an sake ji. Muka sake kunnawa, yana ɗaga yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya, da ya kai na huɗun ya miƙo su har kusa da hancina. Na ja layi a kan "Tayar Baya". Ya ce, "Biyu." Wai layi biyu zan ja, yadda aka saba. Na ja.

Daga nan ya gaji, aka mayar da shi ɗaki. A ƙofar gida matarsa ta riƙa godiya tana kuka, ni kuma na ce mata shayin yau sukari ya yi yawa, don ban san me zan yi da fuskata ba. Na taho a ƙafa, na manta cewa da babur na je. Sai da na koma na ɗauko shi.

Lahadi, 29 ga Disamba

Na ƙirga: kalma bakwai. Na taɓa jin jawabin awa biyu da bai kai su ba.

Uwargida ta ce ba ta taɓa ganin wanda aka kayar yana yawo a gida yana gyara wuyan riga ba.

Talata, 31 ga Disamba

Na biya ta wajensa bayan aiki. Hanya ce ta bi da ni, in aka ɗan zagaya.

Na tarar da likitar tana tattara katunanta. Ta ce jiya da yau bai rufe ido ba, har ya yi mata musu a kan wani hoto, ita ta ce kogi ne shi ya ce tafki. Ta duba da kyau, tafkin ne. Na ce mata ta saba, yanzu aka fara.

Da ta fita ya kalle ni ya ce, "Sha... huɗu." Na ce na ji, ba kurma ba ne ni. Na zauna awa ɗaya da rabi. Yawancinsa shiru ne, kuma ban ji ina neman ƙofa ba.

Na kawo shawarar a riƙa zaman kowane wata, biyar-biyar maimakon goma. Waƙoƙi sun yi yawa yanzu, shekara ba ta ɗaukarsu, dalilin ke nan. Ya ce, "Mako." Na ce za a duba. Na riga na sayi sabon littafi.

Gurbin ta ɗaya yana nan da layinsa biyu. Bisa doka "Tagar Kudu" ce za ta hau, kuma ta cancanta. Ban dai cike ba tukuna. A gefe na rubuta wani abu da fensir, ƙanana, saboda sarewar nan kawai. Ba na jin ya shafi kowa.