Wayar da Kuka Yanke a Wurin Alwala

Zuwa ga Alhaji Seidu, shugaban kwamitin gyaran masallacin layinmu, Maamobi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da iyalinka, ina gaida Liman da sauran dattawan kwamiti, da fatan kowa ya tashi lafiya.

"Hajiya Rakiya, ki kwantar da hankalinki. Ko ƙusa ɗaya ta jikin bangonku ba za a taɓa ba, in kuwa an taɓa, ni da hannuna zan mayar." Maganarka ce, Alhaji. Ka faɗe ta a ƙofar gidanmu ranar da motar yashi ta sauke kayan gyaran wurin alwala, saura wata ɗaya azumi, kana riƙe da butarka, ƙanwata Zenabu tana tsaye tana ji. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar salla ta wuce, babba ma ta wuce. An taɓa, kuma ba a mayar ba.

Ban so na rubuta wannan a fili ba. Sau uku ina zuwa gidanka. A karo na ƙarshe ka ce maganar ta kwamiti ce, da na nemi in zo gaban kwamitin aka ce in turo namiji. Mijina ya rasu, yayana ya rasu, ɗana yana aiki a Tamale. Tunda ba ni da wanda zan tura, na turo takarda, kuma na sa ta inda duk mutanen layi za su karanta.

Na ɗaya, domin wanda bai san aikina ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa kafin mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki na ajiye alli na dawo gida. Tun daga nan nake shirya wa wani ƙaramin gidan rediyo shirin mata na rabin awa duk Juma'a. Ina karanta littattafai, in mayar da abin da ke ciki zuwa Hausarmu ta Zango: hawan jini, rabon gado, takardar haya, yadda ake shan magani. Matanmu suna jin Hausa amma da yawansu ba sa karanta ta, Turancin takardun asibiti kuwa ya fi ƙarfinsu. Akwai masu albasa a kasuwar Agbogbloshie da ke ɗaure waya a bakin zani suna saurare suna ciniki. A ɗakina nake ɗaukar shirin, da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, domin ba na iya barin Inna fiye da awa ɗaya. Marigayi mijina Iddrisu, wanda ka sani mai gyaran wuta ne, shi ya liƙa wa bangon ɗakin tsofaffin katifu, ya haɗa mini makirufo da kwamfuta da ɗan akwatin da ke tsakaninsu, wanda ke karɓar murya ya miƙa wa kwamfuta. Shekara shida wannan akwati yana aiki ba tare da ya yi mini ko tari ba. Lasifikar masallaci tana saman rufina, kuma ban taɓa kuka da ita ba. In an kira salla sai in tsaya, in amsa, in ci gaba.

Kwana biyu bayan magininku ya fara fasa wurin alwala, na sa abin ji a kunne sai na ji wani ƙugi, zuuu, ba ya hawa ba ya sauka, kamar injin niƙa a unguwa ta uku. A samansa akwai wata ƙaras-ƙaras da ke zuwa ta tafi. In na ɗora hannu a jikin akwatin sai sautin ya sauya. In leɓena ya taɓa makirufo sai in ji wuta ta ɗan cije ni.

Na biyu, abin da na yi kafin in ɗora wa kowa laifi, domin na ji wani ɗan kwamitinku ya ce mata ba su san kan na'ura ba. Na sauya wayar makirufo. Na sauya wayar da ke haɗa akwatin da kwamfuta, na gwada ta a kowace kafa. Na kashe fanka, na kashe firij, na kashe doguwar fitilar ɗaki na yi karatu a gaban taga. Na kai wayar hannuna tsakar gida. Na rage ƙarfin makirufo har muryata ta koma kamar ta mai gulma, ƙugin ya ragu, muryata ma ta ragu tare da shi. Na raba wayoyin wuta da na sauti don kada su kwanta a kan juna. Na sauke manhajar akwatin na sake sa ta. Na aro makirufon wani mai wa'azi. Da na cire cajar kwamfuta ƙugin ya ɗan sassauta, amma akwatin nawa tsohon yayi ne, sai an jona shi a bango yake tashi, saboda haka ban tsira ba. Daga ƙarshe na koma wanke sautin da manhajar tace ƙara. Tana cire ƙugin, ta bar ni da murya kamar ina magana daga cikin randa. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko ciwon maƙogwaro nake yi, har da kanumfari ta haɗo.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Akwai wani mai gyara a kasuwar Circle, Kofi, dattijo mai furfura, abokin sana'ar mijina. Na kai masa akwatin, ya buɗe, ya share, ya jona a shagonsa, shiru kamar maƙabarta. Na dawo gida na jona, ƙugi. Na koma, ya sake gwadawa, shiru. Na dawo, ƙugi. A zuwa na uku na tsaya a bakin shagonsa, a gaban masu sayar da waya da 'yan kamashon motocin haya na trotro, na ce ya cire kayan ciki masu kyau ya sa mini na bola. Na ce don ya ga Iddrisu ba ya nan ne. Da Hausa na faɗa, na maimaita da yaren Twi don kada wani ya rasa. Mutumin nan bai rama ba. Ya ce in kai kayan wani gida in gwada. Na bar wa wata maƙwabciya Inna, na ɗauke su a trotro zuwa wurin Zenabu a unguwar Kotobabi, na jona, shiru. A nan na zauna a bakin gadonta na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci, Kofi ya zo gidanmu da abin awonsa, ban ma roƙe shi ba. Na ba shi haƙuri a gidana, kuma na koma Circle na ba shi a wurin da na zage shi, da ƙarfi ɗaya da na yi zagin. Wannan laifina ne, ban raba shi da kowa ba. Amma ina so ka sani cewa aikinku ne ya kai ni ga zaluntar bawan Allah.

Na huɗu, abin da muka gano. Kowane soket yana da rami uku. Biyu na kawo wuta, na ukun na wayar ƙasa ne, wadda ke kwashe wutar da ta ɓace hanya ta zuba ta cikin ƙasa. Kofi ya auna na ukun a kowane ɗaki, babu komai. Muka bi wayar, mai launin kore da rawaya, ta bayan bango har inda ta sauka wurin alwala. A nan muka same ta an datse ta da filaya, an lanƙwasa guntun an cusa a bayan sabon tayil.

Ka san wurin, Alhaji. Filin nan mai taku huɗu tsakanin bangonmu da na masallaci na mahaifina ne, Malam Abdulai, wanda ya koya muku karatu, kai da 'yan kwamitinka. Ya bar wa jama'a su riƙa alwala a kai, bai sayar ba, bai kyautar ba, kuma takardar da suka yi da tsohon Liman da ajami tana cikin akwatin Inna. A nan Iddrisu ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba mata gishiri da gawayi, ya ɗaura mata wayar. Da gangan ya zaɓi wurin. Ya ce sandar ƙasa tana son laima, kuma babu inda ya kai wannan wuri laima a duk Maamobi, tunda sau biyar a rana ana shayar da shi. Shekara da shekaru alwalarku ce ke tsare gidanmu daga wuta, ba ku ma sani ba. Magininku ya ga ƙarfe ya tsone masa ido, ya tumɓuke, ya zuba siminti. Ban san inda sandar ta tafi ba, ko da yake kowa ya san inda jan ƙarfe ke ƙarewa a garin nan. Ban ce kai ka ɗauka ba.

Za ka ce in kafa wata a wani wuri. Ka nuna mini wurin. Tsakar gidanmu siminti ne a kan tsohon ramin shadda. Dama da hagu bangon maƙwabta ne ya manne da namu. Gaba kuma kwata ce da hanyar da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Kofi ya zagaya gidan sau biyu, babu ƙasa sai wannan.

Na biyar, amsoshin da na samu. Da farko ka ce ai fitilunku suna kamawa, to mene ne ya lalace? Na yi maka bayani, ka ce bayan salla. Bayan salla ka ce tayil ɗin wani ɗan layinmu da ke ƙasar waje ne ya bayar, kuma zai zo ƙarshen shekara, bai kamata ya tarar an fasa ba. Allah ya saka masa da alheri, amma ban yi zaton ya ba da tayil don wuta ta ja tsohuwa ba. Jiƙaƙƙen hannu nake shiga ɗakin Inna da shi kullum, ina goge ta, ina kunna mata fanka. Sannan maganar da ta dawo mini daga zaman da kuka yi: wai wani ya ce ƙugin ishara ce, muryar mace ba ta rediyo ba ce, aka yi dariya. Na karanta babin haƙƙin maƙwabci a littattafan da shi ma ya karanta, kuma ban ga inda aka cire maƙwabciya ba. In ishara ce, abin mamaki ne yadda ta san hanyar Kotobabi ta ƙi bina can.

Ga inda nake yanzu. Shugabar shirye-shiryen gidan rediyon ta yi mini haƙuri wata huɗu. Makon jiya ta kira ni, ba da faɗa ba, ta ce masu sauraro suna kashe rediyo, kuma akwai mai neman lokacin don tallan maganin ƙarfin maza. Ta ba ni Juma'a biyu. In ta uku ta zo sautina bai gyaru ba, shirin ya tafi. Ba zan iya ɗaukar shi a Kotobabi ba, gidan Zenabu yana jikin masu buga ƙarfe, kuma zuwa da dawowa ya fi awar da Inna ke iya zama ita kaɗai. Wannan rabin awa shi ne kaɗai abin da ya rage mini na malanta. Sauran mako ina wanki ne, ina juya mara lafiya, ina dama koko.

Abin da nake nema bai da yawa. Ban nemi ku sayi komai ba, na riga na sayi sabuwar sanda, tana jingine a bayan ƙofata. Ku yarda a ɗaga tayil huɗu na kusurwar bangonmu, a kafa sandar, a ɗaura wayar, a mayar da uku, a bar na huɗun a matsayin murfi don a riƙa zuba mata ruwa. Aikin hantsi ɗaya ne, ba zai hana kowa salla ba. Sannan ka sa a sanar bayan sallar Juma'a cewa kada wani magini ya ƙara taɓa wannan waya. Sannan wanda ya yi maganar ishara ya zo ya maimaita ta a gabana, ko ya janye.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya karɓi hidimar da kake yi wa ɗakinsa, ya shirya maka zuri'a, ya kuma tsare ka daga ranar da za ka tsaya a ƙofar wani kana neman abin da yake naka ana ce maka ka dawo gobe.

Ina jiran amsarka zuwa la'asar ɗin Alhamis mai zuwa. In ban ji komai ba, ranar Juma'a da safe zan kai wa Sarkin Zango takardar mahaifina ya gani, don kada a ce na yi a ɓoye. Ranar Asabar da ƙarfe tara Kofi zai zo da magini. Zan fito da Inna a kan kujerarta in ajiye ta a inuwar bango, tunda ita ce mai filin yanzu, ni kuma zan ɗauki guduma in fasa tayil na farko da kaina. Duk ɗan kwamitin da ke ganin bai dace ba, ya zo ya faɗa wa matar malaminsa.

Wassalam.

Maƙwabciyarku,
Rakiya Abdulai,
Maamobi, Accra.