Allon da Ɗanka Ya Ƙi Wankewa

Wannan takarda ta fito daga hannun ƙanenka Garba baduku, na bakin kasuwar Gusau, zuwa ga Yayana Mamman na Bungudu, a duk zangon da ta same shi a kan hanyar Makka. Gaisuwa mai yawa, da biyayya, da fatan ƙafafunka ba su gaji da kai ba. Inna tana gaishe ka daga Tsafe. Matata Hansatu tana gaishe ka daga bayan zana. Ɗanka kuwa, in na ce yana gaishe ka na rage masa, don shi ba ya da wani zance sai naka.

Bayan haka, ina sanar da kai na faɗo daga kan tsamiya. Gara ka ji daga bakina, don na san mahajjatan da za su kawo maka takardar nan sai sun ƙara gishiri. Tsamiyar bayan makarantar Malam Isa ce. Na hau da ƙafata, ba wanda ya aike ni, na dafa reshe ashe gidan rina na dafa. Suka yi mini gaisuwar ban girma a fuska, na saki reshe don in kare ido, sai ga ni a ƙasa cikin katangar Malam, rawani a sama, ni a tsakiyar yara. Malam Isa ya dube ni, ya dubi bishiya, ya ce, "Garba, mi ya kai ka?" Na ce tsamiyar kunu na zo tsinka. Ya sake ɗaga kai. Damina ce, Yaya. Ko ɗanya babu a kanta, sai fure.

Idona ya buɗe yanzu, ƙuguna ne dai bai yafe mini ba. In ka ga rubutun nan kamar sawun tururuwar da ta faɗa tawada, kada ka ɗora wa rina, ka san haka yake tun asali. Kai ka zauna a gaban Malam har ka sauke, ni na tsaya a Sabbi na ce fata tana kirana. Abokan hirata na zaure suna tsaye a kaina yanzu suna karantawa kafin tawada ta bushe, suna gyara mini. Na bar su. Ba abin da zan ɓoye wanda ba su riga sun yi wa dariya ba.

Amma kai ne sila, kuma sai na faɗa maka yadda aka yi.

Ka san ɗan fari ne a wurina. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa, in ya shigo da fara'a sai in dubi rufin ɗaki. Haka muka taras, haka Baba ya yi maka, ban taɓa cewa kome ba. Da aka yaye shi ka zo ka saɓa shi a kafaɗa zuwa Bungudu, mutane suka ce na kyauta, na share wa ɗan'uwana hawayen rashin haihuwa. Na karɓi yabon da hannu biyu. Ban san yabo ba ya zama kusa da mutum ya ci tuwo ba. Duk ranar da na zo gaishe ka, sai in same shi a cinyarka yana jan gemunka, kana kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji, ni kuwa ina gefe ina duban kajinka kamar saye na zo yi.

Da ka tashi tafiya ka maido mini shi, na ce to, Allah Ya kawo lokacina. Ashe jikinsa kawai ka maido. Kai ne Baba. Ni kuma, da ya rasa inda zai ajiye ni, sai ya raɗa mini Baba Ƙarami. A cikin gidana, Yaya, a kan tabarmata.

Haƙorinsa na gaba ya fita bara. Yaran unguwa suka ce ya jefa kan rufi kamar kowa. Ya ƙi. Ya ƙulle shi a tsumma ya cusa a jikin zana, wai sai Baba ya gani. Ni da na ga haƙorin yana lilo tun farkonsa, ina satar kallo ta gefen ido, ba a nuna mini ba. Na je na kwance tsumman da ba kowa, na duba, na mayar. Haƙori ne kamar na kowa, sai dai ya fi kyau.

Na takalma ya fi ci mini rai. Na ga ƙaya ta tsattsage masa ƙafa a hanyar gonarmu ta Wanke, na zaɓi fata mafi laushi, na auna sawunsa a kan ƙasa bayan ya wuce, na ɗinka masa takalma da jan zare. Ban taɓa yi wa ko hakimi irinsu ba. Kunya ta hana ni miƙa masa da hannuna, sai na aika wa Inna Tsafe na ce ta ba shi in ya je. Ya dawo yana tafiya yana duban ƙafa, yana shelanta wa gari cewa Baba ya aiko masa da takalma daga gabas. Ya tsaya a ƙofar rumfata ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ce, "Baba Ƙarami, duba ɗinkin mutanen can. Kai ma ka koya." Na karɓa na jujjuya, na ce lalle wanda ya yi wannan ya san aiki. Inna da ta ji labari ta yi dariya har ta yi tari, ta ce, "Kai ka so ka ɓoye, ga shi ya ɓoyu."

Azumin bana ya kai yini ɗaya cur, karo na farko. Da la'asar leɓensa ya bushe, yana kwance a gindin rumbu, ni ina kai da komo kamar na yar da allura. Na sayo ƙosai na ajiye a inda zai gani, na yi kamar mantuwa na yi. Ya sha ruwa, ya cinye ƙosaina tas, ya share baki, ya ce ladan yinin nan ya ba Baba don ya ƙara masa ƙarfin tafiya. Ina fata ya iso ka. Ka sani dai da ƙosaina a ciki.

Yanzu ga maganar allo. Ka tuna ranar da muka raka ka har bayan Tsafe, ya riƙe rigarka yana kuka, ayari yana jira? Ka durƙusa ka ce masa, "Kafin ka kai Tabaraka na dawo. A gabana za ka biya ta, ni zan ce ka wanke." Na san don ya sake ka ka faɗa. Kai ma ka san ba a zuwa Makka da ƙafa a dawo kamar an je cin kasuwar Kucheri. Shi bai sani ba. Ya ɗauka surar ce za ta jawo ka. Tun daga ranar ya kama karatu kamar ana binsa, ya wuce sa'o'insa, ya wuce Sabbi inda ƙashin bayana ya karye, ko waiwaye bai yi ba. Da ya kai Tabaraka ya haddace ta, sai ya fara zama a bakin hanya da yamma, allo a cinya, yana duban duk mai sanda da gora.

Ba ka zo ba. Shi kuma ya ƙi wanke allon.

Malam Isa ya lallashe shi, ya tsorata shi, ya taɓa shi da dorina. Ya rungume allo ya ce Baba bai ji ba tukuna. Waɗanda ya wuce suka cim masa suka wuce shi. Tawadar ta fara dusashewa don tsufa, yana bi yana maimaita ta da alƙalami. Malam ya zo rumfata ya ce, "Yaro mai kai irin wanga, in ya saba da zama wuri ɗaya karatun ya tafi ke nan. Kai ne ubansa, ka yi masa magana." Na ce to. Na yi kwanaki ina shirya maganar, in na gan shi sai in tambaye shi ko an ba akuya ruwa.

Kada ka zaci tausayi ne ya hau da ni tsamiya. Da tausayi a ciki, amma kaɗan ne. Sata na je yi. Na ji an ce kullum da safe sai ya biya surar shi kaɗai a gefen katanga, na ce wannan abin da ake ajiye wa Mamman, aka hana kowa, sai na riga shi ji. Na ji kuwa, har wajen tsakiya. Muryarsa siririya ce, tana hawa tana sauka yadda taka take yi in kana limanci a Bungudu. Har nan ma kai ne. Ina tsammanin haushin wannan ne ya sa na dafa reshe ban duba ba.

Da na faɗo yara suka watse da dariya, shi bai yi ba. Ya ruga bakin rijiya ya kwaso taɓo mai sanyi, ya shafa mini a fuska da hannunsa. Tun ranar sunansa hannunsa bai taɓa fuskata ba. In da rina sun san abin da suka yi mini, da sun nemi tukwici.

Washegari ya zo rumfa da allonsa, ya tsaya har masu ciniki suka tafi. Ya ce, "Baba Ƙarami, ba tsamiya ka je ba." Na ce awo, haka ne. Ya ce, "Har ina ka ji?" Na ce har inda rina suka yarda. Ya kaɗa yatsun ƙafa cikin takalman mutanen gabas, sannan ya ce, "In na biya maka, kana iya riƙe wa Baba ajiya har ya dawo?" Ni da bakina, na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Ya zauna ya biya ta daga farko har ƙarshe. Idona yana kan fatar da ke hannuna, na huda ta a inda ba a hudawa, na lalata wa wani mutumin kirki sirdi. Da ya gama ya zuba mini ido yana jira, ni ban san me ake jira ba. Ya ce, "Baba cewa yake yi: ya yi, wanke." Na aro bakinka na faɗa. Ya tafi bakin randa ya wanke allon, ya sha ruwan, ya rage mini. Hansatu tana leƙe ta ramin zana, daga baya ta ce wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba ta hura wuta ba.

Na kwanta ina jin na ci nasara a kanka. Da gari ya waye ya dawo ya ce, "Biya in ji ajiyar." Na yi bisimilla da murya mai kyau, na ɗan taɓa farkon, sai hanya ta ƙare. Ya dube ni yadda kake dubana in na yi ƙarya, ya ce, "To da mi za ka ba Baba in ya dawo?"

Shi ya sa yanzu kullum bayan la'asar za ka same ni a zaure da ƙaramin allon nan da ka sassaƙa masa yana ɗan yaye, gemuna yana taɓa shi, ɗan farina yana zaune a gabana yana biya mini. Gari ya samu abin magana, har ta fi ta hanyar jirgin ƙasan da aka ce Nasara za su kawo. Tsofaffi sun ce na zubar da kunya. Inna ta aiko cewa in na kai ƙarshe za ta dafa mini waken sadaka da ta shirya tun ina yaro ban ba ta dama ba. In na yi kuskure yakan yi tsaki irin naka, ya ce, "Baba ba haka yake ja ba." Ina haɗiyewa. Sunansa dai har yau bai fito daga bakina ba, amma na samu dabara: Malam nake ce masa, yana amsawa. Shi kuma ya koma gaba da karatunsa, Malam Isa ya ce ya kusa kamo waɗanda suka wuce shi.

Yaya, na yi kishinka tun ranar da ka saɓa shi a kafaɗa, kuma ban daina ba. Amma da na zauna kusa da shi na ga abin da ka zuba masa. Bai iya ƙarya ba, bai iya cin amana ba, kuma ba a wurina ya koya ba. Na gode. Da wuya na rubuta wannan, masu leƙe ma sun daina gyara mini.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya nuna maka Ɗakinsa, Ya karɓi ibadarka, Ya tsare ka daga ƙishirwa da ciwo da mugun abokin tafiya. Ka sa yaron a addu'a da sunansa, tunda kai bakinka ya iya. Allah Ya maido mana da kai, don har yanzu yana duban hanya, ni ma in ba ya kallo ina dubawa.

Sai dai in ka iso Tsafe, ka sauka wurin Inna ka huta sosai, ka aiko a tambayo ko na shirya. Ajiyarka tana nan, rabi a kaina, rabi a allo, kuma rabin da ke kaina ma yana yoyo. Ba zan so ka same ni haka a gabansa ba. In kuwa Allah Ya riƙe ka a can, to sai ka jira ni, duk inda muka haɗu zan durƙusa in biya maka ita cif, kai kuma ka ce in wanke.

Wassalam. Ƙanenka mai riƙe maka sura,
Garba.